Tambaya da Amsa: Wanda Ya Gudo Zuwa Bakin Iyaka, Me Doka Ta Ce a Yi Masa?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka iso ofishinmu na Abuja a wannan watan sun karkata ne ga batun masu neman mafaka, don haka na zaɓi huɗu daga ciki, na taƙaita su ba tare da na sauya ma'anarsu ba, kuma na sakaya sunayen marubutan kamar yadda muka saba.

Tambaya ta farko, daga wani dattijo a Durumi, Abuja: Ni mutumin Gwoza ne, na baro gida a shekarar 2014 lokacin da aka ci garinmu. Ni na yo kudu har Allah ya kawo ni nan, ƙanwata kuwa ta tsallaka iyaka da 'ya'yanta uku, ta zauna a wani ƙauye na wancan ɓangaren. Bayan wani lokaci aka zo da babbar mota aka kwashe su, aka sauke su a bakin iyaka, aka ce su koma ƙasarsu, alhali ba a daina harbi ba. Wani ya ce mini tun da ba ta da fasfo ba ta da bakin magana. Haka doka ta ce?

Baba, Allah ya ƙara haƙuri, ya kuma mayar da ku gida lafiya. Wanda ya faɗa maka wannan magana bai faɗi daidai ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yan gudun hijira, wadda aka ƙulla a birnin Janiba a shekarar 1951 aka kuma faɗaɗa ta a 1967, ta hana a sashe na 33 a mayar da mutum inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari, kuma wannan hanin shi ne ginshiƙin da sauran dokokin suka dogara da shi. Sashe na 31 kuwa kamar an rubuta shi ne domin ƙanwarka, domin ya ce ba za a hukunta wanda ya gudo daga haɗari ba saboda ya shigo ba tare da takardu ba, muddin ya gabatar da kansa ga hukuma ba tare da jinkiri ba, ya kuma bayyana dalilinsa. Waɗanda suka tsara dokar sun ga abin da yaƙin duniya na biyu ya yi wa jama'a, sun san cewa wanda aka ƙona wa gida cikin dare ba ya tsayawa neman fasfo, balle ya bi layin biza.

Mu nan Afirka muna da tamu dokar wadda ta fi waccan faɗi. A watan Satumba na 1969 ƙasashen Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka suka rattaba hannu a Adis Ababa kan yarjejeniyar da ta ƙara cewa duk wanda ya bar ƙasarsa saboda mamaya, ko harin waje, ko wani al'amari da ya dagula zaman lafiya ƙwarai a wani yanki na ƙasar, ɗan gudun hijira ne, ko da ba shi ake nema da sunansa ba. Ke nan ba sai ƙanwarka ta kawo shaidar cewa 'yan Boko Haram sun rubuta sunanta ba, kasancewar garin ya faɗa hannunsu ya wadatar. Wannan yarjejeniyar ta kuma ambaci bakin iyaka ƙarara, ta ce ba za a tare mutum a nan a ƙi karɓarsa ba idan hakan zai tilasta masa komawa cikin haɗari. Na jaddada wannan ne saboda wasu gwamnatoci suna kafa hujja da cewa wanda bai shigo ba ba a ce an kore shi ba, to dokar Afirka ta toshe wannan kafar tun fiye da shekara hamsin da suka wuce, kuma Najeriya da Kamaru da Nijar da Chadi duk sun amince da ita.

Abin da ya sami ƙanwarka ya sami mutane da yawa, kuma an rubuta shi. A watan Satumba na 2017 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto cewa tun daga farkon 2015 an tasa ƙeyar 'yan Najeriya aƙalla 100,000 daga arewacin Kamaru, alhali a watan Maris na wannan shekarar ta 2017 Najeriya da Kamaru da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNHCR, sun sa hannu kan yarjejeniyar cewa ba za a mayar da kowa ba sai da yardarsa. Haka kuma a watan Janairu na 2019, bayan harin da aka kai Rann a Jihar Borno, hukumar ta UNHCR ta nuna damuwa cewa an mayar da mutane kimanin 9,000 da suka tsallaka kwanaki kaɗan bayan harin. Adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren: Kamaru ta buɗe sansanin Minawao tun 2013 inda dubun dubatar mutanenmu suka zauna shekara da shekaru, kuma hare-haren ƙunar baƙin wake da aka kai Marwa da Fotokol a 2015 sun jefa tsoro na gaske a zukatan jama'a da jami'an tsaro. Sai dai maganin wannan tsoron shi ne tantancewa, a zauna da kowane mutum shi kaɗai, a ji daga bakinsa, a ware mai ɗauke da makami daga mai ɗauke da goyo. Loda ƙauye guda a mota saboda ana zargin akwai mugu ɗaya a ciki ba tantancewa ba ce, kuma Kundin Haƙƙin Ɗan Adam na Afirka ya haramta korar baƙi a dunƙule a sashe na 12.

Game da takardu, bari in ba ka labarin abin da na gani da idona. Wata rana a wajen rajistar waɗanda suka dawo daga gudun hijira, aka tambayi wata mata shaidar ko ita wace ce, sai ta kwance bakin zaninta, ta ciro wata leda da ta naɗe sau uku, a ciki akwai katin rigakafin jaririnta wanda ruwa ya riga ya cinye rabin rubutunsa, amma ana iya karanta sunan ƙauyen da sunan yaron. Ma'aikaciyar da ke rajistar ta karɓa da hannu biyu, ta tambaye ta sunan mai unguwarsu da ranar da kasuwarsu ke ci, matar ta amsa ba tare da ta yi tunani ba, aka rubuta ta. Wannan shi ne aikin da doka take nufi, kuma bai ci minti goma ba. Na sha tunanin cewa da kowane shingen iyaka yana da mutum ɗaya mai irin wannan haƙurin, wanda kuma yake jin Hausa ko Kanuri ko Fulatanci ko yaren mutanen dutse, da rabin baƙin cikin da ake rubuto mana bai faru ba.

Ba zan yaudare ka ba, Baba, samun diyya a irin wannan lamari yana da wuya, domin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul takan ɗauki shekaru kafin ta yanke hukunci, kuma sai ƙungiyoyin lauyoyi sun haɗa shaidun mutane da yawa. Duk da haka ina ba ka shawara ka sa a rubuta labarin ƙanwarka tun ana tune da shi, da ranar, da sunan wurin da aka sauke su, da waɗanda suke tare. Idan akwai wanda ya ɓace a cikin wannan tafiyar, ƙungiyar agaji ta Red Cross tana da sashen neman 'yan'uwan da rikici ya raba, kuma ba ta karɓar kuɗi. Kai kanka, da yake ba ka tsallaka iyaka ba, Yarjejeniyar Kampala ta 2009 kan masu gudun hijira a cikin gida ce ta shafe ka, kuma nauyinka yana wuyan gwamnatin Najeriya kai tsaye.

Tambaya ta biyu, daga wani ɗan kasuwa a Wuse: Muna fama da namu, abinci ya yi tsada, makamai suna shigowa ta iyakoki. Me zai sa Najeriya ta riƙa buɗe ƙofa ga duk wanda ya ce ya gudo? Ba ta haka miyagu ke shigowa ba?

Alhaji, damuwarka tana da tushe, kuma ba na cikin masu ɗaukar duk wanda ya yi irin wannan tambayar a matsayin mara tausayi. Doka ba ta ce a buɗe ƙofa a kau da kai ba. Yarjejeniyar 1951 ta cire wanda akwai ƙwaƙƙwaran dalilin cewa ya aikata laifin yaƙi ko laifin cin zarafin bil Adama ko wani babban laifi daga cikin waɗanda za a ba mafaka, kuma ƙasa tana da ikon ta binciki kayan mutum, ta karɓe makami, ta ɗauki hoton yatsunsa, ta tsugunar da shi nesa da iyaka. Mun ga misali a nan gida: tsohon shugaban Laberiya Charles Taylor ya zauna a Kalaba daga 2003, amma a watan Maris na 2006 aka kama shi a Gamboru yana shirin tsallakawa Kamaru, aka miƙa shi, kotu ta musamman kan laifukan yaƙin Saliyo ta yanke masa shekara 50 a 2012. Abin da nake so ka lura da shi kuma shi ne mai safarar bindiga ba ya zuwa gaban jami'in shige da fice ya ce a rubuta sunansa, yana bi ta daji ne ko ya ba da na goro ya wuce. Wanda yake tsayawa a shinge yana roƙo shi ne wanda ba shi da abin ɓoyewa, kuma idan aka kore shi, gobe shi ma ta daji zai bi, sai hukuma ta rasa sanin wanda ya shigo.

Sai kuma mu tuna cewa mu ma muna ɗaya gefen ƙofar. Mutanen Borno da Yobe suna Difa, mutanen Baga da suka tsira daga harin Janairu na 2015 sun tsallaka tafki zuwa Baga Sola a Chadi, kuma tun daga 2019 dubun dubatar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka tarwatsa suka shiga jihar Maraɗi, inda talakawan ƙauyuka waɗanda ba su fi mu wadata ba suka raba rumbunsu da su tun kafin wata hukuma ta iso. A watan Afrilu na 2023 da yaƙi ya ɓarke a Khartum, 'ya'yanmu ɗalibai sun shafe kwanaki a cikin motoci a kan iyakar Masar suna jiran izinin shiga, kuma duk wanda ke da ɗa a cikinsu ya san yadda barci ya ƙaurace wa gidaje a nan Abuja da Kano. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, in ji magabata, to mu namu gemun ya riga ya sha kamawa.

Tarihinmu a wannan fagen yana da haske yana kuma da tabo, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Najeriya ta karɓi 'yan Laberiya a sansanin Oru na Jihar Ogun tun 1990, ta kafa hukumar kula da 'yan gudun hijira a 1989, kuma tun 2017 ta karɓi dubun dubatar 'yan yankin Kamaru masu magana da Turancin Ingilishi a Ogoja da wasu sassan jihohin Binuwai da Taraba da Akwa Ibom. Amma a watan Janairu na 1983 gwamnati ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice, kimanin 'yan Gana miliyan ɗaya suka bi hanya cikin wahala, kamar yadda gwamnatin Busia ta Gana ta yi wa 'yan Najeriya a 1969, har da Hausawan zango da aka haifa a can. Waɗannan ba masu neman mafaka ba ne, sai dai sun nuna abin da korar jama'a a dunƙule ke haifarwa. A 1980 ma an ɗauki Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin Borno, aka kai shi Chadi da sunan ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa. Na kusa-kusa kuma a nan Abuja ya faru: a watan Janairu na 2018 aka kama jagoran 'yan a-waren Kamaru Sisiku Julius Ayuk Tabe da abokansa a wani otal, aka miƙa mutum 47 ga Kamaru, alhali mafi yawansu sun riga sun shigar da buƙatar mafaka. A watan Maris na 2019 Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta ce wannan miƙawar ta saɓa wa doka, amma a watan Agusta na shekarar kotun soja a Yawunde ta yanke wa jagororin ɗaurin rai da rai. Ba sai ka goyi bayan ra'ayin siyasarsu ba kafin ka ga illar abin, domin ƙasar da ta miƙa wanda ya nemi mafakarta ba tare da shari'a ba ta raunana bakinta ranar da za ta je roƙon a daina tasa ƙeyar mutanenta daga Kamaru.

Wannan ɗabi'ar ba daga Turai aka kawo mana ita ba. Sahabbai sun yi hijira zuwa Habasha, Ƙuraishawa suka aika da manzanni da kyaututtuka suna neman a dawo musu da su, Najjashi ya ƙi miƙa su sai da ya saurare su da kunnensa, bayan ya ji kuma ya ƙi miƙa su gaba ɗaya. A Suratut Tauba, aya ta 6, an umarci a ba mai neman mafaka mafaka ko da ba Musulmi ba ne, sannan a isar da shi inda zai aminta. Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, kuma bayan yaƙin Burmi a 1903 jama'ar da suka bi Sarkin Musulmi Attahiru suka ci gaba zuwa gabas har suka kafa Mai Wurno a Sudan, inda zuriyarsu take har yau. Ni dai idan na karanta labarin Najjashi, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zaman sauraren nan da ya yi kafin ya yanke hukunci, domin shi ne ainihin abin da ake hana mutane a iyakoki a yau.

Tambaya ta uku, daga wani matashi a Nyanya: Na gama jami'a shekara huɗu ba aiki. Wani mai haɗa tafiya ya ce in na isa iyakar Turai na ce mafaka nake nema, dole su karɓe ni. Gaskiya ne?

Ƙanena, rabin gaskiya ya faɗa maka, kuma rabin da ya ɓoye shi ne mai kisa. Doka ta ba ka damar ka nema a saurare ka, ba ta yi maka alkawarin za a ba ka ba. Dalilan da yarjejeniyar 1951 ta sani biyar ne, wato tsangwama saboda launi ko asali, addini, ƙasa, ra'ayin siyasa, ko kasancewa cikin wani rukunin jama'a da ake farauta, kuma rashin aiki, duk da zafinsa, ba ya ciki. Za a zaunar da kai a yi maka tambayoyi na sa'o'i, a maimaita bayan watanni, kuma labarin da aka haddace maka ba ya jure wannan. Idan aka ƙi ka, ka yi asarar kuɗin da iyayenka suka sayar da fili suka ba ka, ka kuma sa a ƙara zargin mutumin Gwoza ko Maradun da ya zo da gaskiyarsa a bayanka.

Kafin ma a kai ga tambayoyin, hanyar ce abin tsoro. Aljeriya ta shafe shekaru tana sauke baƙi a hamada a wani wuri mai nisan kilomita kusan 15 daga Asamaka ta Nijar, su ƙarasa da ƙafa. A watan Nuwamba na 2017 duniya ta ga hotunan yadda ake cinikin baƙi a Libiya. Ranar 24 ga Yuni 2022 aƙalla mutum 23 suka mutu a shingen Melilla da ke tsakanin Maroko da Sifen, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yi yunƙurin tsallakawar 'yan Sudan ne waɗanda ƙila da an saurare su da sun cancanci mafaka. Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke a 2012 cewa Italiya ta karya doka da ta tare mutane a teku ta mayar da su Libiya, Kotun Ƙolin Birtaniya ma ta ce shirin kai masu neman mafaka Ruwanda ya saɓa wa doka a watan Nuwamba na 2023, kafin sabuwar gwamnati ta soke shi a 2024. Waɗannan hukunce-hukuncen suna da amfani, amma suna zuwa ne shekaru bayan abin ya faru, kuma babu wanda ya taɓa dawo da wanda ya nitse. Kada ka gudu daga gara ka faɗa gidan zago. Ka nemi gurbin ƙarin karatu ko bizar aiki ta hanyar da za ka iya bibiya da kanka, kuma kada ka miƙa fasfonka ga kowa.

Tambaya ta huɗu, daga wata malamar makaranta a Kubwa: Wata mata da ta gudo daga ƙasarsu da yara biyu tana zaune a gidana wata uku ke nan, tana tsoron fita don kada a kama ta. Ina za mu je?

Malama, Allah ya saka miki da alheri. Kada ku ƙara jinkiri, domin daɗewa ba tare da gabatar da kai ba yana raunana buƙatarta. Ki raka ta ofishin Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira da Baƙin Haure da Masu Gudun Hijira a Cikin Gida, wadda hedikwatarta take nan Abuja, ita ce ke karɓar buƙatar mafaka tare da haɗin gwiwar UNHCR. Ku tafi da yaran duka biyu domin a rubuta kowa da sunansa, ku ɗauki duk wata takarda da take da ita komai tsufanta, ko katin asibiti ko na makaranta ko hoto a waya. Za a ba ta takardar shaidar cewa tana jiran hukunci, wadda za ta riƙa nunawa idan an tare ta, kuma ta lura da ranar ƙarewarta don ta sabunta a kan lokaci. Tana da damar ta nemi tafinta idan harshe ya yi mata wuya, ta kuma nemi mace ta saurare ta idan akwai abin da ba za ta iya faɗa a gaban namiji ba, idan kuma aka ƙi buƙatarta tana iya ɗaukaka ƙara. Rajistar kyauta ce, saboda haka duk wanda ya tare ku a bakin ƙofa ya ce zai taimaka a biya shi, ku wuce shi ku shiga ciki ku tambayi jami'in da ke kan aikin.